Waiwaye: Faston da Aka Tsallake Sunansa a Jerin Addu'a

Yau sunan Dietrich Bonhoeffer ba baƙo ba ne. A Jamus akwai majami'u da makarantu da tituna masu sunansa, kuma ana karanta littattafansa a makarantun tauhidi na ƙasashe da dama. Mafi yawanmu ta ƙarshen labarinsa muka san shi: faston Lutheran da 'yan Nazi suka rataye a 1945 saboda hannunsa a shirin kawar da Hitler. Haka ne, amma in muka fara daga nan mutumin zai kuɓuce mana. Makiyayi ne tun kafin ya zama ɗan adawa, kuma in muka bi sawun garkunan da ya yi kiwo ɗaya bayan ɗaya, za mu ga yadda aka yi ya isa inda ya isa. Kafin nan sai mun koma baya sosai, mun ga irin ikilisiyar da ya tarar.

Da Martin Luther ya raba gari da Roma bayan 1517, sarakunan ƙananan ƙasashen Jamus ne suka ba shi mafaka. Kariyar kuwa ba kyauta ba ce. Sulhun Augsburg na 1555 ya tabbatar cewa addinin sarki shi ne addinin talakawansa, sannu a hankali sarki ya zama shugaban ikilisiya a ƙasarsa, fasto kuma ya zama kamar ma'aikacin gwamnati. Luther ya koyar cewa Allah yana tafiyar da duniya ta hanya biyu, ta bishara a bakin ikilisiya da ta takobi a hannun hukuma. Bai ce fasto ya kame bakinsa ba, amma shekara ɗari huɗu na zama a inuwar fada sun mayar da koyarwar haka: yi wa'azin ceton rai, ka bar wa sarki sauran. Sura ta 13 ta wasiƙar Bulus ga Romawa, mai maganar biyayya ga masu mulki, ta zama abin da kowane yaro ke tashi da shi. Ana nan sai aka ci Jamus da yaƙi a 1918, Sarki Wilhelm na Biyu ya sauka, sauran sarakunan ma suka bi shi. Ikilisiya ta wayi gari ba uban ɗaki. Fastoci da yawa ba su taɓa sakin jiki da jamhuriyar da ta biyo baya ba, kewar mai ƙarfin da za a yi wa biyayya suke yi. Wannan kewar ce Hitler zai zo ya tarar.

An haifi Dietrich ran 4 ga Fabrairu 1906 a Breslau, garin da yau yake cikin ƙasar Polan. Shi ne na shida cikin 'ya'ya takwas, tagwaye ne shi da 'yar'uwarsa Sabine. Mahaifinsa Karl Bonhoeffer babban likitan ƙwaƙwalwa ne, a 1912 aka ba shi kujerar farfesa a Barlin, iyalin suka koma can. Gida ne na boko da kiɗa da tarbiyya, inda ba a yarda yaro ya faɗi maganar da bai auna ba. Ba masu zuwa majami'a ba ne sosai, uwar yaran, Paula, ita ke koya musu labaran Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin sujada a gida. A Afrilun 1918 yayansa Walter ya mutu a fagen daga. Dietrich aka ba Littafi Mai Tsarki na marigayin, kuma da shi ya yi ta amfani har shekarunsa na ƙarshe. Yana da kimanin shekara 14 ya ce shi tauhidi zai karanta. Yayyensa suka yi masa dariya, don a ganinsu ikilisiya ta riga ta mutu a tsaye.

Karatun bai ba shi wahala ba. Ya fara a Tübingen a 1923, ya ƙarasa a Barlin, yana shekara 21 ya sami digirin dakta a 1927 da rubutu kan ma'anar ikilisiya. Amma dokar ikilisiyarsa ba ta bari a keɓe mutum fasto sai ya kai 25, don haka aka tura shi Basilona a ƙasar Sifen a 1928, mataimakin fasto a majami'ar Jamusawa mazauna can. Garkensa na farko ke nan: 'yan kasuwa masu zuwa sujada don al'ada, da kuma Jamusawan da suka maƙale a baƙon gari ba aiki ba kuɗin komawa, waɗanda ke zuwa ofishin agaji. Sujadar yara da ya buɗe da yarinya ɗaya ta fara, ya bi gida gida har ajin ya cika. Ya kamata mu faɗi wani abu a nan don kada mu yi masa ado da abin da ba nasa ba. A wata lacca da ya yi a Basilona a farkon 1929, ya kare yaƙi saboda al'umma da irin harshen da duk fastocin zamaninsa ke amfani da shi. Ɗan ikilisiyarsa ne, abin da ya sha ke nan.

Canjin a Amurka ya faro. A 1930 ya tafi makarantar tauhidi ta Union a New York, da farko yana raina karatunsu, yana ganin ba zurfi. Sai wani ɗalibi baƙar fata daga Alabama, Frank Fisher, ya kai shi majami'ar Abyssinian Baptist a unguwar Harlem, inda Adam Clayton Powell babba ke wa'azi. A can ya ji bisharar da bai ji ba a majami'un farare, bisharar mutanen da ake takawa, waɗanda Yesu a wurinsu mai shan wuya ne tare da su. Ya koyar a makarantar Lahadi a can, ya shiga gidajen mutane, ya sayi fayafayan garmaho na waƙoƙin bayi ya tafi da su gida. Ya ga wariyar launin fata da idonsa: akwai ranar da aka ƙi ba Fisher abinci a wani gidan cin abinci, suka fice tare. Wani abokin kuma, Bafaranshe Jean Lasserre, ya matsa masa da tambaya ɗaya: wa'azin da Yesu ya yi a kan dutse, na ƙaunar maƙiyi da ƙin ramuwa, don a yi aiki da shi ne ko don a yi ta sharhi a kansa? Malaman Lutheran sun saba cewa wa'azin madubi ne kawai da ke nuna mana kasawarmu. Bonhoeffer ya dawo Jamus a 1931 ya gamsu cewa umarni ne.

An keɓe shi fasto a Nuwamban 1931, kuma aikin da aka ba shi a lokacin ya fi kowane nuna mana irin mutumin. A majami'ar Zion, a ɓangaren ma'aikata da matalauta na arewacin Barlin, akwai yara maza 50 da ake shiryawa don tabbatarwa, wato koyarwar da ake wa matasa kafin a karɓe su ga jibin Ubangiji. Yaran sun gagari tsohon faston da ke koya musu. Ranar farko, yana hawa bene tare da tsohon, yaran na sama suna jefo musu tarkace, da aka faɗi sunansa suka ɗauki gaɓar farko suna ihu da ita. Tsohon ya tafi ya bar shi. Bonhoeffer ya jingina da bango, hannu a aljihu, ya yi shiru har ihun ya gaji don kansa. Sannan ya fara magana a hankali yadda na gaba kaɗai ke ji, yana ba da labarin Harlem. Na baya suka yi tsit don su ji. Bai tsaya nan ba. Ya bar gidan iyayensa na unguwar masu hali, ya kama ɗaki a gidan wani mai burodi a titin Oderberger, ya bar ƙofa a buɗe don yaran su shigo ko ba ya nan. Ya koya musu darar Turawa da Ingilishi, ya ziyarci iyayensu a ɗakunan da shi kansa ya ce ba su misaltuwa. Lokacin marasa aikin yi a Jamus sun kai wajen miliyan 6. Da ranar tabbatarwa ta ƙarato a Maris 1932, ya sayi yadi aka yi wa yaran kayan sawa. Malami mai tasowa ne a jami'a, amma a wannan ɗakin ya koyi kiwo.

Ran 30 ga Janairu 1933 Hitler ya zama shugaban gwamnati. Kwana biyu bayan haka Bonhoeffer ya yi jawabi a rediyo kan ma'anar shugabanci, yana gargaɗin cewa shugaban da ya bari aka mai da shi gunki mai ɓad da mutane ne. Kafin ya ƙarasa aka yanke shirin. Ran 1 ga Afrilu aka hana sayayya a kantunan Yahudawa, kakarsa Julie, tsohuwa mai shekara 90, ta ratsa 'yan bangar da ke tsaye a ƙofar wani babban kanti ta yi cefanenta. Mako guda bayan haka aka kafa dokar korar masu jinin Yahudawa daga aikin gwamnati. A cikin watan nan ya rubuta cewa ikilisiya na da hakki uku a kan hukuma: ta tambaye ta ko abin da take yi halal ne, ta yi jinyar duk wanda hukuma ta raunata ko ba Kirista ba ne, in kuma abin ya kai, ta tsayar da motar da ke take mutane maimakon ta tsaya ɗaure raunuka kawai. A ikilisiyar da ta shekara ɗari huɗu tana biyayya, wannan magana ce da ba a saba ji ba.

Amma a watan nan dai ya yi abin da ya dame shi daga baya. Mijin Sabine, Gerhard Leibholz, ɗan asalin Yahudawa ne. Da mahaifin Gerhard ya rasu aka roƙi Dietrich ya yi jana'izar, ya nemi shawarar shugabansa na ikilisiya, aka ce kada ya yi, ya bi. A Nuwamba ya rubuta wa surukin nasa yana neman gafara, yana mamakin irin tsoron da ya kama shi. Mu da ke kallonsa daga nesa muna iya zaton jarumtaka da ita aka haife shi. Ba haka ba ne, koyonta ya yi, kuma wannan kunyar na cikin malamansa.

Ikilisiya kuwa ta tsage. Wata ƙungiya mai kiran kanta Kiristocin Jamus, magoya bayan Hitler, ta lashe zaɓen ikilisiya na Yulin 1933 da rinjaye mai yawa, aka naɗa mutuminsu Ludwig Müller bishop na ƙasa baki ɗaya. Suka nemi a kori duk faston da ke da jinin Yahudawa, a wani gangami a Barlin a Nuwamba ma har aka yi kiran a jefar da Tsohon Alkawari. Bonhoeffer da Fasto Martin Niemöller da wasu suka kafa ƙungiyar agajin fastoci, dubbai suka shiga. Daga nan aka sami Ikilisiyar Masu Shaida, wadda ta taru a Barmen a Mayun 1934 ta ce Yesu Almasihu kaɗai ne maganar Allah da za ta saurara. Sai dai takardar Barmen ba ta ambaci Yahudawa ba ko sau ɗaya. 'Yancin ikilisiya ake karewa, ba maƙwabci ba, kuma wannan giɓin shi zai riƙa raba Bonhoeffer da 'yan'uwansa har ƙarshe.

Lokacin shi yana Landan, tun Oktoban 1933, yana kiwon ƙananan majami'u biyu na Jamusawa, ɗaya a Sydenham ɗaya a gabashin birnin. Gajiya da kaɗaici ne suka kai shi can, har malamin tauhidi Karl Barth ya rubuto masa da zafi cewa ya hau jirgi ya dawo, gidansu na cin wuta. Zaman dai bai tashi a banza ba. Gidansa ya zama masaukin 'yan gudun hijira, ya kuma ƙulla abota da Bishop George Bell na Chichester, wanda zai zame masa murya a waje. A Agustan 1934, a taron ikilisiyoyin duniya a tsibirin Fanø na Denmak, ya yi kira ga Kiristoci su ƙi ɗaukar makami a kan juna. Ya so zuwa Indiya ya koyi gwagwarmaya ba da makami ba a wurin Gandhi, har takardar gayyata ta zo. Sai Masu Shaida suka kira shi gida ya buɗe musu makarantar horar da fastoci, ya bar zancen Indiya.

Nan muka iso zamanin da almajiransa ba su daina kewa ba. Makarantar ta fara a Zingst a bakin teku a Afrilun 1935 da ɗalibai 23, a Yuni ta koma wani tsohon gida a Finkenwalde kusa da Stettin. Ba kuɗin gwamnati, ba tabbacin albashi ga wanda ya gama. Manoman yankin da wasu masu gonaki ne ke aiko da dankali da nama da kujeru. Bonhoeffer ya kawo littattafansa da piyanonsa da fayafayan Harlem. Da asuba ba mai magana da kowa sai an fara jin maganar Allah. A karanta Zabura, a yi waƙa, sannan kowa ya zauna rabin sa'a shiru a kan aya ɗaya, ayar nan kuma ita ce ta mako guda. Ɗaliban da suka saba da ƙamus da littattafan sharhi sun sha wuya da wannan shirun, wasu barci ke kwashe su, wasu a waje suna cewa an mai da 'ya'yan Luther sufaye 'yan Katolika. Ya kafa musu doka guda: kada a yi maganar ɗan'uwa ba ya wurin, in kuma an yi, a je a gaya masa. Ya dawo da al'adar furta zunubi ga ɗan'uwa kafin jibin Ubangiji, shi ma ya yi nasa a gaban ɗalibinsa. Da yamma kuma a buga ƙwallo, a yi iyo, a saurari waƙoƙin bayin Amurka a ƙauyen Jamus.

Daga laccocin wannan gida littafinsa kan almajiranci ya fito a 1937. A ciki ya kama ƙashin bayan koyarwar Lutheran, wato ceto ta wurin alheri, ya ce ikilisiyarsa ta mai da alherin abu mai arha: ana rabon gafara ba tuba, ana baftisma ba horo, ana cewa an gaskata ba a bi ba. Ba Luther yake ƙi ba, gādon Luther yake ƙwatowa daga hannun magada. A Satumban shekarar 'yan sandan ciki na Gestapo suka garƙame gidan. An riga an kama Niemöller tun 1 ga Yuli, kafin ƙarshen shekara tsofaffin ɗalibai 27 na kurkuku. Bai daina ba, ya rarraba ɗalibai a matsayin mataimakan fastoci a ƙauyukan Pomeraniya yana bin su yana koyarwa a ɓoye, har Maris 1940. Da yaƙi ya kwashe su, ya riƙa bin su da wasiƙu, kuma kusan kowace wasiƙa da sunayen waɗanda suka mutu take farawa. Cikin kimanin 150 da suka ratsa hannunsa, fiye da 80 ba su dawo ba.

Shekarar 1938 ce ta karya masa zuciya game da Masu Shaida. Aka umarci fastoci su yi wa Hitler rantsuwar mubaya'a, mafi yawansu suka yi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ran 9 ga Nuwamba aka ƙone majami'un Yahudawa a faɗin ƙasar, ikilisiya a hukumance ta yi shiru, sai ɗaiɗaikun fastoci suka yi magana. Shi ya buɗe Zabura ta 74, inda ake kukan ƙone wuraren sujada, ya rubuta kwanan watan a gefen aya ta 8. Ga kuma kiran shiga soja na tafe, shi kuwa ba zai yi wa Hitler yaƙi ba, ƙin kuma hukuncinsa kisa. Abokai suka samo masa mafita a Amurka, ya isa New York a Yunin 1939. Bai cika wata guda ba ya hau jirgin dawowa. Ya gaya wa malamin tauhidi Reinhold Niebuhr cewa ya yi kuskuren zuwa, domin wanda bai sha wuyar wannan lokaci tare da mutanensa ba, ba shi da bakin magana ranar sake gini.

Jamus ɗin da ya dawo ta toshe masa duk ƙofofin aikin fasto. An hana shi koyarwa a jami'a tun 1936, a 1940 aka hana shi magana a bainar jama'a, a 1941 aka hana shi buga littafi. Ƙofar da ta rage ta hannun surukinsa ce, Hans von Dohnanyi, wanda ke aiki a hukumar leƙen asirin soja ƙarƙashin Admiral Canaris da Hans Oster, cibiyar masu shirin kifar da Hitler. Dohnanyi ya daɗe yana tara bayanan ta'asar gwamnati, don haka Bonhoeffer ya san abin da ake wa Yahudawa a gabas tun mutane da yawa ba su sani ba. Aka ɗauke shi a matsayin wakilin hukumar, abin da ya kare shi daga shiga soja ya kuma ba shi damar fita waje. Ya je Suwizalan da Norwe, ran 31 ga Mayu 1942 kuma ya sadu da Bishop Bell a Sigtuna ta ƙasar Suwidin, ya ba shi sunayen masu shirin don a kai wa gwamnatin Ingila. Landan ba ta kula ba. A shekarar nan ya taimaka aka fitar da Yahudawa 14 zuwa Suwizalan da sunan 'yan leƙen asiri ne.

A nan ne masu karatunsa suka fi rabuwa. Yaya mai wa'azin ƙaunar maƙiyi zai shiga shirin kisa? Abin da ya kamata mu riƙe shi ne bai taɓa wanke abin ba. A littafin ɗa'a da yake rubutawa lokacin, wanda bai ƙarasa ba, ya tsaya a kan cewa akwai lokacin da mai tsare tsarkin hannunsa alhali ana yanka maƙwabcinsa ya fi kowa laifi, kuma wanda ya shiga tsakani ya ɗauki laifin abin da ya yi, ya miƙa kansa ga jinƙan Allah, kada ya ce ya yi daidai. Duk mai ɗaukar sunan Bonhoeffer yau don halatta tashin hankali da guɗa, bai karanta shi ba.

A Janairun 1943 aka yi masa baiko da Maria von Wedemeyer. Ran 5 ga Afrilu aka kama shi da Dohnanyi, da farko kan zargin kuɗin da aka fitar waje da kauce wa aikin soja. Wata 18 ya yi a kurkukun soja na Tegel, mafi yawa a ɗaki mai lamba 92, kuma a nan ya sami garkensa na ƙarshe. Ikilisiyar Masu Shaida tana da jerin sunayen fastocinta da ke tsare, ana karantawa a yi musu addu'a ran Lahadi. Ba a sa sunansa ba, domin nasa laifin na siyasa ne. Shi kuwa a ciki yana rubuta wa fursunoni addu'o'in safe da maraice, yana taimakon masu rauni a ɗakin jinya in jiragen yaƙi sun yi ruwan bama-bamai, gandirobobi ma suna zuwa su gaya masa damuwarsu. Ɗaya daga cikinsu, Kofur Knobloch, shi ke fitar masa da wasiƙu a ɓoye zuwa ga almajirinsa kuma amininsa Eberhard Bethge. Iyali kuma na aiko da saƙo cikin littattafai, ɗigon fensir ƙarƙashin harafi ɗaya bayan wasu shafuka, ana karantawa daga baya zuwa gaba. Daga ɗakin nan ya rubuta wa'azin auren Bethge, nasa auren kuwa bai yiwu ba. Daga Afrilun 1944 wasiƙun suka ɗauki wata tambaya mai nauyi: wane ne Almasihu ga mutanen da suka daina jin suna bukatar addini? Ya hango ikilisiyar da za ta rasa gata da dukiya, wadda ba za ta cancanci sunanta ba sai tana rayuwa domin waɗansu.

Ran 20 ga Yuli 1944 bam ɗin da aka dasa wa Hitler ya tashi bai kashe shi ba. A Satumba aka gano takardun Dohnanyi a Zossen. Knobloch ya shirya fitar da shi cikin kayan makaniki, amma da aka kama yayansa Klaus sai ya fasa, don kada a huce a kan iyali. A Oktoba aka mai da shi kurkukun Gestapo, a Fabrairun 1945 aka kai shi sansanin gwale-gwale na Buchenwald, a Afrilu aka kwashe su zuwa kudu. Ran Lahadi 8 ga Afrilu, a wani ajin makaranta a ƙauyen Schönberg, 'yan'uwansa fursunoni suka roƙe shi ya yi musu sujada. Ya yi jinkiri saboda yawancinsu Katolika ne, akwai kuma wani Barashe da ba ya addini, sai da shi ma ya sa baki. Ya yi musu bayani daga Ishaya 53 da wasiƙar Bitrus ta fari. Yana gamawa aka zo aka tafi da shi Flossenbürg. Da dare wata kotun dakarun Nazi na SS ta yanke hukunci ba lauya ba shaidu, da asubar 9 ga Afrilu aka rataye shi tare da Canaris da Oster da wasu, aka ƙone gawarwakin. Shekararsa 39. Mako biyu bayan haka sojojin Amurka suka iso sansanin. An kashe Dohnanyi, an kashe Klaus da wani surukin, Rüdiger Schleicher, duk cikin watan. Iyayensa sun tabbatar da mutuwarsa ne ran 27 ga Yuli, da suka ji BBC na watsa sujadar tunawa da shi da Bishop Bell ya jagoranta a Landan.

Za mu zaci da yaƙi ya ƙare ikilisiyarsa za ta rungume shi. Tsohuwar tarbiyyar biyayya ba ta saki da wuri ba. An yarda Fasto Paul Schneider, wanda aka kashe a Buchenwald a 1939 saboda wa'azinsa, shahidi ne, amma mai hannu a juyin mulki fa? A 1953 Bishop Hans Meiser na Bavariya bai halarci taron tunawa da shi a Flossenbürg ba. A 1956 babbar kotun Jamus ta Yamma ta wanke Otto Thorbeck, alƙalin da ya yanke hukuncin, ya ci gaba da aikin lauya. Bethge ne ya hana sunan ya nutse. Ya tono wasiƙun Tegel daga gwangwanayen da aka binne a lambu, ya buga su a 1951, a 1967 kuma ya fitar da tarihin malaminsa.

Daga waje aka fi saurin gane shi. A Afirka ta Kudu, Kiristocin da ke yaƙi da wariyar launin fata, irin su Beyers Naudé, sun karanta shi kamar don su ya rubuta, domin su ma da ayar biyayya ga hukuma ake toshe musu baki. A Habasha, babban sakataren ikilisiyar Lutheran ta Mekane Yesus, Fasto Gudina Tumsa, ya sami damar fakewa a Tanzaniya bayan gwamnatin soja ta Derg ta kama shi sau biyu, ya ƙi barin garkensa. Ran 28 ga Yuli 1979 aka sace shi aka kashe, shi ya sa ake masa laƙabi da Bonhoeffer na Afirka. A 1998 aka kafa mutum-mutumin Bonhoeffer a ƙofar yamma ta majami'ar Westminster a Landan cikin shahidai goma na ƙarni na 20, tare da Martin Luther King da Akbishop Janani Luwum na Yuganda.

Shari'ar ƙasarsa ce ta zo daga baya. Sai a Agustan 1996, bayan wasu ɗalibai da malaminsu daga Hannover sun shigar da buƙata, wata kotu a Barlin ta bayyana cewa hukuncin Flossenbürg ba shi da tushe, ta ce ma wata dokar Bavariya ta 1946 ta riga ta rushe shi, ba wanda ya kula ne kawai. Shekara biyu bayan haka majalisar dokokin Jamus ta soke hukunce-hukuncen zalunci na kotunan Nazi gaba ɗaya.